Buhu Ɗaya da Rabi

Jiya ina zaune a bakin garejin nan ina jin ku, kun haɗa kai a kan waya ɗaya kuna zaɓar wa motar Sadiƙu ƙafa. Wannan ya ce a ɗauki ja, wancan ya ce a'a, mai ruwan gwal ta fi dacewa da fentin motar. Wani kuma, ban ga fuskarsa ba amma na gane muryar, ya ce ai ɗaura koiloba ba aiki ba ne, noti uku a sama, biyu a ƙasa, kafin la'asar an gama. To madalla da injiniyoyi. Ku ajiye wayar nan tukuna, ku matso kusa, bencin ba ya cizo.

A Ƙofar Ruwa na koyi aiki, wajen Oga Ɗanladi mai gyaran sifirin ɗin manyan motoci. Babu wani fenti a wurin. Falle-fallen ƙarfe ne ake ƙonawa a wuta, a ɗora a kan guntun ƙarfen dogo, a yi ta duka har ya dawo da lanƙwasarsa. Oga Ɗanladi kuwa da mota ta shigo ba ya taɓa ta. Sai ya tsuguna daga nesa ya dube ta, ya ce wa direba, "Shanu kake ɗauka ko siminti?" Direba ya ce shanu, shi kuma ya ce ƙarya ne, siminti ne, kuma gefen hagu kuke fara lodawa. A lokacin ni dariya kawai abin yake ba ni.

Farkon shekarun dubu biyu na bi wani Alhaji mai sayen kayan gyara zuwa Dubai. Aikina in shiga tsibin tsofaffin kayan Japan a Sharjah in ware masa shokazoba mai rai daga matacciya. Shi ya koma, ni na tsaya. Na sami gado a wani filat a Al Nahda, irin gadon nan mai hawa biyu, na kuma sami aiki a Al Qusais, a garejin wani dattijo mutumin Sri Lanka da muke kira Baba Nizam. Ya yi aikin motocin tsere a ƙasarsu tun yana saurayi. Hausa ba ya ji, Larabcinsa a karye, Turancina a gurguje, amma ba mu taɓa rasa fahimtar juna ba.

Aikin farko da ya ba ni, ko sifana ban riƙe ba. Wata mota ce aka kawo da aka sauke ta har ciki yana neman shafar ƙasa. Ya buɗe mini ƙofar baya ya ce in shiga. Na ɗauka girmamawa ce, har na gyara zama. Ya ja mu ya shiga layukan masana'antu, inda kowane ɗan taƙi akwai tudun rage gudu. Kafin mu dawo na ciji harshena, hulata ta koma ƙarƙashin kujera, ƙuguna kuwa sai da na kwana biyu ina tafiya a karkace. Ya kashe mota ya juyo yana murmushi, ya ce, "Garba, mai mota yana da sitiyari da zai riƙe. Na baya ba shi da komai. Kai na baya za ka riƙa yi wa aiki."

Ita koiloba ba wani siddabaru ba ce. Shokazoba ce da sifirin a jiki ɗaya, jikinta da zare irin na noti, da zobba da ake murɗawa mota ta hau ko ta sauka. A samanta akwai ɗan maɓalli da ke yin ƙas-ƙas in ka juya, yana ƙara wa man ciki tauri ko ya sassauta shi. Lambar da aka rubuta a jikin sifirin kuma tana gaya maka kilo nawa za a ɗora masa kafin ya sauka milimita ɗaya. Shi ke nan. Kayan aikinta ma ba su cika buhu ba: sifana mai ƙugiya ta murɗa zobba, tef na awo, buroshin ƙarfe, giris, sai sikeli huɗu masu faɗin faranti da ake ɗora kowace taya a kai. Buroshin nan kada ku raina shi. Rairayin Dubai in ya shiga zare ya haɗu da gumin teku, zoben sai ya kame kam, ka yi ta kokawa kana zufa mai mota yana duba agogo.

Wahalar tana wajen zaɓe, kuma zaɓen da tambaya ɗaya yake farawa: wa kake ɗauka a motar? Bature zai gaya maka, har da karensa. Balarabe zai ce shi kaɗai ne, kuma gaskiya ne, don yana da wata motar a gida. Amma namu, ɗan Kano a Deira, motarsa ba tasa ba ce shi kaɗai. Duk wanda ya sauka daga jirgi yana da rabo a kujerar baya.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Nura. Yaro ne dogo siriri, ba ya son yawan magana, ɗan 'yar'uwar Alhaji Sule mai ofishin kago, wato aika kaya gida, a unguwar Port Saeed. Aikinsa ɗauko baƙi daga filin jirgi, ya kai su otal, ya zagaya da su shagunan Deira, ya kwashi kayansu zuwa sikelin kago. Kawun nasa ya ba shi wata mota 'yar Japan mai ƙofa huɗu, silinda shida, mai ja da ƙafafun baya. Da aka buɗe filin tsere can bayan gari cikin rairayi, aka fara barin kowa ya shiga da motarsa a ranakun hutu, sai Nura ya sayi hular kwano. Yaron da ko kallon ido ba ya iya yi da babba, in ya shiga filin nan sai ka rantse aljani ne ya hau shi. Ba shi da wani abin jin daɗi a garin bayan wannan. Ba shisha, ba yawon kanti.

To, irin shawarar da kuke ba Sadiƙu ita abokai suka ba shi. Ya je ya sayi wata koiloba mai arha mai shuɗin fenti, sifirin ɗin gaba mai lamba sha biyu, na baya goma, aka ɗaura masa a wani wuri, aka sauke motar har yatsa ba ya shiga tsakanin taya da madigadi. A hoto kam ba a magana. Baƙin Alhaji Sule su suka ci kwakwa. Wani Alhaji daga Kantin Kwari ya ce tun daga filin jirgi yake salati, wani kuma haƙorin Makkansa ne ya girgiɗe. Lokacin kasuwa tana ci, kwantena na fita kamar ruwa, Alhaji Sule sai ya yi dariya ya ce, "Ku yi haƙuri da shi, ƙuruciya ce."

Sai shekarar da kasuwar Dubai ta karye, komai ya tsaya, ta zo. Kun dai ji labarinta, amma ji daban ne da gani. Gine-gine suka tsaya a rabi. Mutane suka riƙa ajiye motoci a filin jirgi suna hawa jirgi ba waiwaye, ka gan su jere ƙura ta rufe gilashi, yara suna rubutu da yatsa a jiki. Garejinmu da a da sai ka nemi wurin taka ƙafa, ya zama ni da Baba Nizam da fanka. Muka koma canjin mai da birkin motocin haya. Baƙin Kano ma suka janye, wasu suka karkata China. A ofishin Alhaji Sule babbar mai kaya ɗaya ta rage, Hajiya Mariya, mai leshi da shadda da mayafai, wadda ita kaɗai takan cika kwantena.

Wata safiya sai ga Nura ya shigo da motar tana tsalle kamar akuya, shokazobar baya duk ta jiƙe da mai. Ya gaishe ni ya tsaya yana wasa da makulli.

Na ce, "Lafiya, Nura?"

Ya ce, "Baba Garba, Kawu ya ce Hajiya Mariya za ta zo mako mai zuwa. Ya ce in ta yi ƙorafi ko sau ɗaya a kan motar nan, khalas, shi ke nan, sayar da ita zai yi ya sayi ƙaramar bas."

"To ka mayar da kayanta na kamfani mana."

Ya ɗago ya dube ni kamar na ce ya yanke hannu. "In na mayar, a kwana sai ta riƙa kwanciya kamar kwale-kwale. Baba, ba yadda za a yi ta yi duka biyun?"

Akwai yadda za a yi, amma kowane ɓangare sai ya haƙura da wani abu. Na jera masa kaya uku a kan benci. Na farko nasa ne da muka kwance. Na danna ɗaya da hannu ta shige ba gardama, don zafin garin ya riga ya dafa man ya zama ruwa. Na ce masa wannan fenti ka saya. Na biyu na tsere ne zalla da wani ya bari bai dawo ba, kansa ƙarfe ne babu roba ko kaɗan, duk tsakuwar da taya ta taka sai ka ji ta a haƙori. Nura ya ɗora hannu a kai yana shafawa, na buge hannun. Na uku na je Sharjah da kaina na tsinto, tsoho ne amma na ƙwarai, mai kaurin jiki da ke ɗaukar mai da yawa ba ya saurin zafi, da roba a kai, kuma ana iya buɗe shi a sake masa mai da robar da ke tare man. Babban abin da ya sa na zaɓe shi, daga gindi ake rage masa tsawo, ba a matse sifirin, don haka ko ka sauke mota ba ka cinye mata wurin numfashi ba. Fentinsa duk ya koɗe.

Nura ya karanta lambar sifirin ɗin, takwas da shida, ya ɓata fuska. "Baba, wannan ai na masu zuwa ofis ne."

Na ce, "Kai da ka sa sha biyu, wa ka wuce a filin?"

Ya mayar da sifirin kan benci.

Na ce, "Mota mai tauri fiye da kima tsalle take yi a kwana. Tayar da ke sama kuwa ba ta riƙe komai. Kana jin kamar kana gudu ne don tana jijjiga ka."

Ya yarda, ba da son ransa ba. Muka ɗaura, muka hau da motar kan sikeli. A nan ake daidaita tsawon kowace ƙafa, kuma ba a yi da mota wayam, sai da nauyin da za ta riƙa ɗauka a ciki. Direba mai sauƙi ne, ya shiga ya zauna. Fasinja kuma dabarar Baba Nizam muke yi: mu aro buhunan shinkafa masu kilo arba'in-arba'in daga kantin wani Ba'indiye maƙwabcinmu, mu zaunar da su a kujerar baya, da yamma mu mayar.

Na ce, "To Nura, Hajiya buhu nawa za ta yi?"

Yaro ya sunkuyar da kai. Ashe Hajiya Mariya aminiyar mahaifiyarsa ce, ita ta yi masa wanka da hannunta yana jariri, ta goya shi a bayanta, Mama yake kiranta. Ni kuwa ban taɓa ganinta ba.

Ya ce, "Ai ba ta da jiki sosai."

"Ban tambaye ka sosai ba. Buhu nawa?"

Ya kalli buhunan, ya kalli ƙasa, ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Ɗaya da rabi."

"Ka tabbata? Mai cika kwantena guda?"

"Haba Baba. Ɗaya da rabi ne."

"Kaya fa?"

"Jakar hannu ce kawai. A komawa ake kaya."

Baba Nizam yana gefe yana ta kallonmu, bai gane abin da ya sa tambayar lissafi take sa mutum zufa ba. Na yi ƙoƙarin yi masa bayanin kara da kunya da Turancina, na kasa. Muka zuba rabin buhu a wani buhun, muka zaunar da ɗaya da rabi, na daidaita motar a kan haka. Na bar bayan a ƙasa-ƙasa yadda Nura yake so, tunda nauyin bai kai a damu ba. Muka zagaya tudun Al Qusais, mota tana hawa tana sauka lumui. Na ce alhamdu lillahi.

Washegarin saukar Hajiya, ina buɗe gareji na tarar da shi zaune a kan dakali, ido ya yi ja. Na zagaya bayan motar. Gefen tayar dama ya sha yanka zagaye guda, bakin madigadi ya lanƙwashe, tukunyar salansa ta lotsa.

Ga abin da ya faru. Hajiya Mariya mace ce da Allah ya yi wa cikar halitta, in ta tsaya a ƙofa sai an jira ta wuce. Kuma duk wanda ya san mutanenmu ya san ba a zuwa daga Kano da jakar hannu. Kowa da saƙon ɗansa ko na mijinta: kilishi, kuka, daddawa, yaji, garin kunu, man shanu a galan. But ya cika har da igiya. Tun tudun farko taya ta fara gurzar madigadi, warin roba ya cika motar. Da suka iso otal a Deira, ɗan hawan da ke ƙofa ya gagara, mota ta zauna a kan cikinta, gaba ba gaba ba, baya ba baya ba. Dole Hajiya ta fito a gaban 'yan Kwari da ke zaune a harabar suna shan shayi, kuma tana fita motar ta ɗaga ta haye da kanta. Wani marar kai ya yi dariya.

Nura ya ce, "Kawu ya kira dillali. Ran da Mama ta tafi za a zo a ɗauki motar."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, amma bakina bai bari ba. Na ce, "Ɗaya da rabi, ko?"

Ya rufe fuska da hannu biyu.

Na ce ko sayarwa za a yi ba za ta fita daga hannuna a haka ba. Na sake aro buhunan, na mayar da ɗaya da rabin kujerarsu na ɗaura musu bel, ina so in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan in ga daga ina taya take fara taɓawa. Muna cikin haka, rana ta ɗaga, sai ga tasi ta tsaya a bakin ƙofa. Hajiya ce. Ashe ta tambayi Alhaji Sule wa ya yi aikin motar, ta ce a kwatanta mata wurin. Nura ya zube ƙasa yana gaisuwa. Baba Nizam ya dube ta, ya dubi buhunan, ya tuna yana da aiki a sito.

Ta ce, "Kai ne Malam Garba?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Hanya lafiya lau tun daga Kano, sai da na zo ƙofar otal. An ce kai gwani ne. Me ya sami motar?"

Na ce, "Lissafi ne ya ɗan kuskure, Hajiya."

"Lissafin me?"

Ni ma fa Bahaushe ne, abin da ya kama Nura shi ya kama ni. Tana jiran amsa sai idonta ya faɗa kujerar baya. Ta matsa ta leƙa. Ga buhu guda da rabin buhu a kansa, an ɗaure su da bel, daidai inda ta zauna jiya. Hajiya ta shekara da shekaru tana faɗa da masu sikelin kago, in ta ɗaga dila da hannu za ta gaya maka kilonsa. Ba ta buƙaci bayani ba.

Ta ce, "Wace ce wannan baiwar Allah?"

Na dubi Nura, Nura ya dubi ƙasa.

"Nura. Ni ce wannan?"

Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri."

Sai ta fashe da dariya. Ta yi dariya har ta dafa mota, motar ta ɗan rusuna, abin ya ƙara ba ta wata dariyar. Na kawo mata kujera ta zauna tana share hawaye da bakin mayafi.

Ta ce, "Ɗan nan, rabona da buhu ɗaya da rabi tun kafin a yi auren uwarka. Allah ya yi maka albarka, na gode da kara. Amma karar nan taka ita ta sauke ni a gaban 'yan Kwari." Ta juyo gare ni. "Malam, waɗannan faranta da ke ƙarƙashin taya sikeli ne?"

"Sikeli ne, Hajiya."

"To fitar da 'yar'uwata in shiga."

Na fitar da buhunan. Na kori Nura waje, na ce ya je ya sayo shayi kada ya dawo sai na kira. Hajiya ta yi bisimilla ta shiga ta zauna. Na cire hulata na kife a kan allon da ke nuna lamba, na ɗaga gefe na leƙa ni kaɗai.

Ta ce, "Ka gani?"

"Na gani."

"Ni na san ta. In yaran ofis sun tafi sallah nakan hau na kago. Yanzu mu biyu muka sani a duniya. In na ji ta a bakin na uku, na san inda garejinka yake."

Na ce, "Ko Baba Nizam ba zai ji ba."

"Ka ƙara da saƙo kamar buhu biyu a but. Kuma kada ka yi mini kara kai ma."

Ta koma kasuwa a tasi, ni na shiga aiki. Na canza sifirin ɗin baya zuwa bakwai, mai ɗan tsawo. Na ɗaga bayan kamar faɗin yatsa biyu, na ɗaga gaban kaɗan don kada ta yi goho, na naɗe leɓen madigadi ciki, na sake awon kowace ƙafa har nauyin ya rabu daidai, sannan aka kai ta saitin taya. A kan maɓallan sama na ɗiga fenti biyu. Fari na kwanakin aiki, ja na ranar fili. Na nuna wa Nura na ce daga fari zuwa ja da yatsa ake juyawa, amma zobban ƙasa in ya taɓa su ban yafe ba. Ya ja da baya ya kalli motar ya ce ta yi tsayi kamar motar asibiti. Na ce bas ta fi ta tsayi.

Da la'asar Hajiya ta dawo. Muka loda shinkafa a but, ta shiga baya, ni a gaba, Nura yana tuƙi. Muka nufi Al Nahda inda tudun suka fi mugunta. Ya zo na farko yana rarrafe kamar mai ɗauke da ƙwai.

Hajiya ta ce, "Haba ɗan nan, an ce mini kai ɗan tsere ne. Yalla, maza taka mana mu ji."

Ya taka. Mota ta hau ta sauka, ba ƙara, ba wari. Ta biyu haka, ta uku haka. Ba ta yi laushin motar kamfani ba, kana jin hanya a jikinka, amma ba duka. Muka zarce har ƙofar otal ɗin, 'yan shayi suna nan a inda suke. Mota ta haye hawan da Hajiya a ciki. Ba ta fita ba sai da ta ciro waya ta kira Alhaji Sule, ta kuma sauke gilashi don kowa ya ji.

"Alhaji, maganar dillalin nan a bar ta. In na zo garin nan a motar nan za a riƙa ɗaukata, ban son bas, ni ba kaya ba ce. Ka bar wa yaro abarsa."

Nura ya kifa goshi a kan sitiyari. Na zungure shi na ce ya tashi ya buɗe mata ƙofa.

A filin tsere kuwa, da ya juya zuwa ja, ya dawo yana ba ni labari baki har kunne, wai yanzu a doguwar kwanar nan bayan motar ba ya zillo, har ya wuce wani Balarabe da ya daɗe yana shan ƙurarsa. Bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, amma ya kawo mini kaza gasasshiya.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk zuwan da Hajiya za ta yi, sai ta yi wa Nura waya daga Kano: "Ka ce wa Malam Garba an sha naman Sallah, ya ƙara zagaye ɗaya." Bayan azumi kuma ta ce a bar shi yadda yake, ita azumi ba ya taɓa ta. Zagaye ɗaya ba abin da zai canza, ni da ita duk mun sani, amma sai in ɗauko sifana mai ƙugiya in murɗa, Nura ya kira ya ce an ƙara. Kasuwa ta farfaɗo sannu a hankali, ofishin Alhaji Sule bai rufe ba.

Sai aka daɗe ba ta zo ba. Aka ce ba ta jin daɗi, 'yarta ce ke zuwa sayen kaya. Ran nan da hantsi Nura ya shigo da motar, ya gaishe ni, ya tsaya yana wasa da makulli kamar ranar farko. Ya ce gobe Mama za ta sauka, amma ba kasuwa ba, asibiti za a kai ta. 'Ya'yanta sun so su ɗauki babbar mota, ta ce ita a motar Nura za ta shiga. Ya ce ƙashinta ciwo yake, ko girgiza kaɗan ba ta so.

Na ce, "Za mu sassauta har ƙasa da farin fenti, mu rage iskar taya kaɗan. Ta aiko da saƙon zagaye?"

Ya ce, "Ta aiko." Ya juya makullin a hannunsa. "Ta ce in gaya maka ba sai ka kife hula ba. Wai lissafina ya zama daidai."

Na shiga kantin Ba'indiye na aro buhu biyu, na zuba rabin ɗaya a gefe. Na zaunar da ɗaya da rabi a kujerar baya, na ɗaura musu bel a hankali, na ɗauko sifana.